Makaɗin da Ba Ya Karanta Takarda

"Ki sa hannu mana, Zuciyata..."

Na kalli takardar ɗaukar aikin, na kalli Dogo. Shekara uku yana kaɗa min piyano ina waƙa, yau kuma shi da bakinsa yake cewa in bar shi.

Aiki ne tsayayye manajan otal ɗin ya kawo min, duk Asabar da yamma, amma da makaɗinsu zan riƙa yi. Wannan makaɗin kuwa tun ranar da na ƙi ba shi lambata yake bin manaja da gulma, wai Dogo bai iya karanta takardar kiɗa ba. Gaskiya ne, da kunne ya koya. To sai me?

"Yayanki na zaune a layin gaba," in ji Dogo. "Kin ji shi, ba zai ba da ke ga ɗan gig ba, mai aikin yau akwai gobe babu. In ke kin samu tsayayye, wataƙila ya sauko."

"Kai kuma fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Bari in gwada gwanin nasu tukuna," na ce.

Na hau dandamalin falon otal ɗin. Ni mawaƙiya ce mai hali: kafin amshi nakan tsaya in ja numfashi, wani lokaci gajere, wani lokaci sai na ga dama. Gwanin nasu idonsa na kan takarda, ya wuce abinsa ya bar ni a baya. Na biyo shi da gudu. A amshi na biyu ma ya sake yin haka.

Na ɗaga hannu. Kiɗa ya tsaya.

"Malam, sannu da ƙoƙari," na ce, bakina a kan makirufo. "Dogo, zo ka zauna."

Ya taho yana goge tafinsa a wando. Muka ɗauko daga farko. Da na iso amshi, da gangan na ja numfashin da ban taɓa ja ba... falon ya yi tsit... ina buɗe baki ya shigo tare da ni, ko ƙiftawar ido bai riga ni ba.

Ina kallon manaja ya ninke takardarsa ya sa a aljihu. Ko a jikina.

A bakin ƙofa Yaya ya tare mu, fuska ba walwala.

"Kin zubar da aiki, Auta."

"Na zubar, Yaya."

Ya juya ga Dogo. "Ya aka yi ka san lokacin da za ta shiga? Ni na raine ta, ban taɓa sanin abin da za ta yi ba."

"Kafaɗarta nake kallo, Yaya. In ta sauka, ta shirya."

Yaya ya daɗe yana juya makullin motarsa.

"Jibi ina gida," ya ce. "Ka zo da babanka."