Tulin Duwatsun da Ya Yi Ƙarya

Ranar Asabar wata yarinya ta bi mahaifiyarta da kakanta hawan babban dutsen da ke bayan garinsu, a kudancin New Zealand. Koro take kiran kakan. Yarinyar nan akwai rawar kai, hannunta ba ya zama haka kawai.

Da suka wuce ƙarshen itatuwa, sai turba ta ɓace. Daga nan sai tsakuwa da ƙanƙara. Tulin duwatsu ne ke nuna hanya, in ka kai wannan ka hango na gaba.

"Ku yi gaba," in ji Koro. "Gwiwata ta ce sai ta huta. Zan same ku a bukkar matafiya."

"Koro, ko katantanwa ta fi ka sauri!"

"Je ki, sarkin baki."

Can gaba Mama ta tsaya ɗibar ruwa a rafi. Yarinyar ta ratse gefe, kusa da bakin wani kwazazzabo mai zurfi. Ta tara nata tulin. Ya yi kyau, har ya fi na gaskiya tsawo. Ta yi tafiyarta tana jin daɗi.

Suka isa bukka, suka dafa shayi. Sai gajimare ya sauko ya rufe dutsen ruf. Shayin Koro ya huce, bai iso ba.

"Kar ki damu," in ji Mama. "Tulin duwatsu zai kawo shi."

Sai yarinyar ta tuna da tulinta.

"Mama, na tara wani tuli. A bakin kwazazzabo."

"Kin yi me? Ɗauko rigar sanyinki, maza!"

Suka sauko suna ƙwala kira. Shiru. Yarinyar tana tafe tana kuka.

"Koro! Koro!"

"Ga ni nan! Ku daina tsorata tsuntsaye!"

Suka same shi zaune daram a gefen tulinta, yana cin burodi da cuku. Tsakaninsa da ramin bai fi taku goma ba. Mama ta yi ajiyar zuciya. Yarinyar ta ƙanƙame shi.

"Mai ginin nan ta iya gini," in ji Koro, "amma ba ta san hanya ba."

"Ya aka yi ka gane?" in ji yarinyar.

"Na biyo shi har nan. Da na taɓa duwatsun, sai na ji gansakuka a ƙasa, jiƙaƙƙiyar laka a sama, alhali a tsohon tuli gansakuka a sama take. Na ce wannan yau aka haife shi. Sai na zauna."

"Ka yafe mini, Koro. Wasa nake yi."

"Na yafe, jikalle. Amma ba kowa zai tsaya ya taɓa ba."

Yarinyar ta rushe tulin da hannunta, ta watsar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta riƙe hannun kakanta, suka bi tulin gaskiya har bukka.

Tun daga ranar ta gane cewa alamar hanya ba abin wasa ba ce. Ran wani yana rataye a kanta.