Wanda Ya Koya wa Dalila Hausa

Wata Laraba ce, a ƙarshen shekarar 2004, na rufe shagon kitsona da wuri na nufi lakwal, wato makarantar su Dalila. Ba ɗauko ta na je yi ba. Kama ta na je yi.

Dalila ɗiyata ce, ita kaɗai Allah ya ba mu ni da mijina Moutari. A nan Greensboro ta Amirka ta girma. Lakwal ɗin gwamnati take, amma irin wadda ake koya wa yara rawa da kiɗa da wasan kwaikwayo. Ni tun farko ban so ba. Ubanta ne ya ce, "Saadatou, ƙyale ta, ai har lissafi suna yi." To, na ƙyale.

Yarinyar nan, in ka yi mata Hausa sai ta mayar maka da Turanci. "Sannu" ma sai ta murɗe shi kamar mai cin tuwo da zafi. Sai ga shi wata safiya ta fito daga ɗaki, ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "An tashi lahiya? Ina gajiyar jiya?" Da harshen Maradi tsantsa, irin na tsofaffi.

Moutari har da tafi. Ni kuwa gabana ya faɗi, don ruwa ba ya tsami banza. Na ce wallahi saurayi ne. Wani ɗan Nijar sabon zuwa, cikin masu ɗaukar kaya a kantunan titin Wendover, shi ya lallaɓo mini yarinya. Kullum sai bayan magariba take shigowa, wai suna gwajin rawa. Ga wani ƙamshi a gyalenta wanda ba na kantin ƙasar nan ba. Ga ta daina cin yaji, ita da ke barbaɗa shi har a kan fiza. Yajin da nake dakawa da hannuna, nake yawo da shi a jaka don abincin nan duk lami ne.

Na tsare ta da tambaya. Ta ce, "It's just dance, Mom," ba ta ko ƙifta ido ba.

Bon, to. Za mu gani.

Rana ta faɗi lokacin da na isa. An yi yayyafi, ko'ina warin jiƙaƙƙen ganye. Filin ajiye motoci wayam, sai wata farar mota guda. Na leƙa cikinta ina neman ɗan banzan. Ba kowa.

Ƙofar gefe a buɗe take, an tokare ta da dutse. Na shiga. Warin fenti da sabulun goge ƙasa. A bango an rataye fuskokin kwali da yara suka yi, idanunsu ramuka. Takalmina na ƙara, sai na cire shi na riƙe a hannu, don kada su ji ni su rabu.

Can na jiyo kiɗa.

Na tsaya.

Garaya ce. Garaya da kiɗan ƙwarya, a tsakiyar Amirka. Kuma na san taken.

Mahaifiyata, Inna Kouloussoum, ta yi bori da ƙuruciyarta kafin ta tuba ta je Makka. Ina ƙarama na sha ganin wasan a tsakar gidanmu. Kowane iska da takensa. In an kaɗa, an kira shi ke nan, sai ya zo ya hau mai rawa. Ba ya sauka sai ta yi atishawa. Da Inna ta rasu bara, aka aiko mini da akwatin kayanta, har da wani tsohon kasat marar rubutu. Na ɗora akwatin a kan kabad ban sake waiwayarsa ba.

Na tura ƙofar zauren wasa.

Duhu. Kujeru jere, ba kowa. Fitila ɗaya kan dandamali, kuma a ƙarƙashinta Dalila, ba takalmi, gyale ɗaure a ƙugu. Tana tafiya duƙe, tana jan ƙafa ɗaya kamar tsoho. Ƙamshin nan ya cika wurin. Turaren da Inna ke ƙonawa ne.

Wani hannu ya kama nawa, saura kaɗan in yi ihu. Malamar rawarsu ce, Misis Pettiford, wata doguwar mata mai furfura, zaune a layin gaba. Ta yi mini raɗa da Turanci. Wai ta ce kowane yaro ya kawo kiɗan ƙasar iyayensa, Dalila ta kawo wannan. Wai tun da take koyarwa ba ta taɓa ganin baiwa irin wannan ba. Idonta har da ƙwalla.

Baiwa! Innalillahi.

Ga wani rediyo a bakin dandamali, kasat ɗin Inna a cikinsa. Ina kallonsa kasat ɗin ya kai ƙarshe, maɓallin ya ɗago da kansa. Ƙas.

Kiɗan bai tsaya ba.

Dalila ta juya ta nufi tsanin ƙarfen da suke hawa su gyara fitilu. Ta fara hawa. Nan na gane abin da ke tafe. Masu bori sukan yi tsalle su faɗo zaune, daɓas, a kan rairayi. Nan ba rairayi. Katako ne mai tauri, tsanin kuma ya kusa kai rufi. In ta faɗo daga can, bayan ɗiyata ya karye.

Ban san lokacin da na hau dandamalin ba.

"Dalila," na ce a hankali. "Sauko."

Ta leƙo. Fuskarta ce, amma ba ita ke kallona ba.

"Sa'a," in ji wata murya, ta namiji, tsohuwa, a shaƙe. "Kin yi girma."

Ba mai kirana Sa'a a ƙasar nan.

"Uwarki ta gudu ta bar ni. Wagga yarinya kuwa da kanta ta kira ni."

Na kama Ayatul Kursiyyu. Ban saki ba. Na kama tsanin. Ƙarfen sanyi ƙalau. Ina hawa yana rawa.

Ta kai ƙarshe. Ta miƙe tsaye. Ta buɗe hannuwa.

Na cusa hannu a jaka. Makulli. Carbi. Leda.

Ta lanƙwasa gwiwa.

Na yage ledar da haƙori, na cafke gyalen ƙugunta, na hura mata yajin a fuska.

Ta tsaya cak.

Hancinta ya motsa.

Ta yi atishawa, wata irin atishawa da ta girgiza tsanin.

Kiɗan ya yanke.

"Mom?" Muryarta ce, siririya, tana kuka. "Mom, my eyes!"

Wallahi ban taɓa jin daɗin Turanci irin na ranar ba.

Muna saukowa wani sanyi ya ratsa ta gefen kunnena, da ƙamshin turaren, ya yi wajen kujeru. Wata kujera ta yi ƙara a layin gaba. Ban waiwaya ba. Na ja ɗiyata muka yi waje, takalmina ma can na bar shi.

Kasat ɗin na ƙone shi a bayan gida. Malam ya zo ya yi addu'a. Muka mayar da Dalila sashen zane-zane. Hausarta ta tafi tas, ta koma zuba yaji a kan fiza. Moutari ya ce na cika tsoro, na ce ya faɗi abin da ya ga dama.

Sai ranar da aka rufe lakwal don hutun bazara. Dalila ta riga ni shiga mota. Ina buɗe ƙofa na hango Misis Pettiford tana tahowa. Duƙe take tafiya, tana jan ƙafa ɗaya. Matar da ko sunana ba ta iya faɗa daidai ba. Ta kama hannuna, tafinta sanyi ƙalau, ta matso kusa da kunnena.

"Sa'a, ɗiyar Kouloussoum. An wuni lahiya?"

Ta ƙara matse hannuna.

"Jikin wagga malama na aro ne, ƙashinta ya tsufa. Ki gaishe min da yarinyata."

Na fizge hannuna na faɗa mota, na kulle ƙofofi. Dalila na kallon waje, hankalinta kwance, tana ƙwanƙwasa gilashi da yatsu.

Na saurara. Na san taken.

Na buɗe jakata.