Muryar Mwape a Layi na Tara

Da la'asar sakaliya muka shiga Beira, wani gari na bakin teku, bayan kwana biyu a hanya daga garinmu Kitwe. Mawaƙan suka wuce masauki su yi wanka, kamar kullum. Mu uku aka bari da akwatunan lasifika: ni Chilufya mai kula da sauti, da Mwape mijin ƙanwata, da tsohonmu Kangwa, wanda muke kira Shikulu, wato kaka. Haka aikin kiɗan rok yake. Masu kaɗa jita su sha tafi, mu kuma mu kwana da ciwon baya.

Ranar kuwa ta Mwape ce. Shekara tara yana naɗe wayoyi yana rera waƙa a bayan mota, sai a wannan tafiyar shugaban ƙungiyar ya yarda ya buɗe wasa da waƙa ɗaya. Tun daga kan iyaka yake shan ruwan ɗumi da citta. Ko sigari na kunna sai ya harare ni. Ƙanwata Bupe ta riga ta cika unguwa da labarin mijinta zai yi waƙa a ƙasar waje.

Wurin wasan tsohon gidan silima ne da ya shekara da shekaru a rufe. Warin kashin jemage da ƙarnin teku suka tarbe mu. Kujerun irin masu naɗewa ne, jajaye, duk sun yi funfuna. Shikulu ya tsaya a ƙofa ya sake tuna mana dokarsa: a ɗakin da babu jama'a, ƙirge kawai ake yi a makirufo, ɗaya, biyu, ba a ambaton sunan kowa. Ya ce ɗakin da ya saba da muryoyi, in aka bar shi shiru, yunwa yake ji, suna kuwa shi ke nuna masa wanda zai ɗauka. Na sha jin wannan magana, ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba. Ya fita nemo mana abinci.

Makirufo takwas muka kafa, kowanne da layinsa a teburin daidaita sauti, daga na ɗaya zuwa na takwas. Mwape yana kan dandamali yana gwada su, ni ina can baya a teburin sauti, abin sauraro a kunnena. Da ya kai na takwas, wanda zai yi waƙa da shi, sai ya gyara tsayuwa yana wani bubbuɗa ƙirji. Bakina ya yi mini ƙaiƙayi. Na buɗe manyan lasifika, na sa murya ta cikinsu na ce:

"Jama'ar Beira, ga ɗan dakonmu ya zama tauraro. Mwape Chisanga!"

Ya yi dariya, ya rusuna wa kujeru. "Ga ni, surukina, ga ni," ya ce cikin makirufon.

Amsa-kuwwa ta tafi ta dawo. Ta sake dawowa. Ta ukun ba daga bango ta fito ba. Daga cikin kujeru ta taso, ƙasa-ƙasa.

Jemagu suka yi tsit.

Sai na ga koren haske a layi na tara. Na shafa bayan teburin. Babu wayar da aka jona a wannan layin. Hasken yana hawa yana sauka a hankali. Na danna don in saurara.

Numfashi ne. Na mutane da yawa.

Kujera ɗaya ta yi ƙara ta sauko. Ta kusa da ita ta bi. Layi bayan layi, har wadda ke gefen gwiwata. Warin jiƙaƙƙun tufafi da tsohon turare ya cika mini hanci.

A kunnena aka ce, cikin raɗa, "Mwape."

Mwape ya fara waƙa. Ina ganin jijiyoyin wuyansa, idanunsa a buɗe ba ƙiftawa. Amma layi na takwas a mace yake. Na tara ne ke hawa, har ya koma ja. Muryarsa ake zuƙewa, ina ji ina gani.

Na ja maɓallin layin zuwa ƙasa. Sautin bai ragu ba.

Na sake ja, a banza.

Ledar abinci ta faɗi a bayana. Shikulu ya kama kafaɗata.

"Wa ya kira suna?"

"Ni ne, Shikulu."

Da ma marina ya yi. Ya ce kawai, "Cire babbar wayar wuta. Kada ka dubi kujerun."

Na rarrafa. Na fizge ta.

Duhu.

Kujerun suka naɗe gaba ɗaya, kamar an harba bindiga.

Jan Mwape muka yi har waje, jikinsa sanyi ƙalau. Rana ba ta ma gama faɗuwa ba, wata mata tana gasa masara a bakin titi. Ya dube ni, ya buɗe baki. Iska kawai ta fito.

Sai washegari aka yi wasan, a fili, ba da shi ba. Likitoci a gida sun leƙa maƙogwaronsa sun ce lafiya lau yake. Bupe har yau ba ta san abin da ya faru ba. Mwape ya iya rubutu sarai, amma bai taɓa rubuta mata cewa ni ne ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Yana nan tare da mu, yana naɗe wayoyi. Mun sauya teburin sauti har sau biyu, amma duk garin da muka sauka, in na sa abin sauraro, layi na tara yana kawo mini shi yana rera waƙar nan tiryan-tiryan, ana yi masa tafi. Na ɓoye wannan wata shida, har ranar da ya karanta a fuskata.

Yanzu kafin a buɗe wa jama'a ƙofa, yakan ajiye wayar da ke hannunsa, ya zo ya tsaya kusa da ni, ya miƙo hannu. Ni kuma in cire abin sauraron in ba shi.