Shekara Ɗaya Ga Mataccen Tauraro

Da karyayyen hannu ta shigo ɗakin hoto na asibitin, amma bakinta lafiya lau yake. Mai ɗaukar hoton, wani dogo mai sanyin magana, yana gyara mata hannun a kan faranti ta ce, "Kai harba hasken eksire kake yi ka ga ƙashi. Ni jiransa nake ya zo daga sama."

Ya ɗauka zafin ciwo ne ya taɓa ta. Ashe a cibiyar binciken sararin samaniya take aiki. Ta ce akwai tauraron da ya fashe ya mutu, ƙwayarsa ta rage tana juyi kamar katantanwa, tana feso wata iska da ta zama gajimare kewaye da ita. Na'urar hangen nesa da ke shawagi can sama ce ke iya ganinsa.

Ko rabi bai gane ba, amma lambar wayarta ya haddace ta tsaf.

Zuwansa zance na uku, sai ga shi ya kawo mata rigar dalma irin ta aikinsu, mai nauyin tsiya.

"Kullum kina cikin hasken nan, Tauraruwa. Hankalina ya kasa kwanciya."

Ta yi dariya har da hawaye. "Haba Mai Ƙashi! Hasken ba ya isowa ƙasa, iska ke tare shi. Kwamfuta kawai nake kallo." A ranar ta san ta kamu, kamun da ba ta neman tsira.

Ana cikin maganar aure, abin da ta shekara uku tana nema ya samu. Na'urar ta kalli gajimarenta kwana biyu cur, aka turo mata bayanan. Ƙa'idar aikin kuwa, shekara ɗaya nata ne ita kaɗai. In ba ta fitar da bincikenta ba, a buɗe wa duniya, mai rabo ka ɗauka.

Shugaban sashensu, wanda ta taɓa ƙin tayin aurensa, ya wanke ƙafa har gidansu. Ya ce wa mahaifinta amarya ba ta gama irin wannan aiki, ko ta fasa auren, ko ta miƙo masa bayanan.

Baba ya kira ta. "Ki zaɓi ɗaya, 'yata. Taura biyu ba ta taunuwa."

"Baba, ka gafarce ni. Shi da ya kawo maka zancen, da mata da 'ya'ya huɗu ya gama nasa binciken. Wa ya ce masa ya zaɓa?"

Baba ya ce a kawo masa ruwa.

Da yamma saƙon Mai Ƙashi ya shigo: "Na ji komai. Zan jira shekarar, ko in janye gaba ɗaya. Ba zan zama sanadin asararki ba."

Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ta rubuta: "Har da kai? Ban ce ka jira ba, ban ce ka janye ba. Ka turo magabatanka ranar Asabar. In tsoro kake ji, faɗa mini."

"Ke kaɗai nake tsoro, Tauraruwa. Suna tafe."

A wata na huɗu da turo bayanan aka ɗaura auren. Teburin cin abincinsu ya koma ofis. A allon kwamfuta hasken ɗigo-ɗigo yake fitowa, kamar an watsa yashi a baƙin tire, haka take binsa tana tantancewa. Angon ya koyi girki, ya ƙona tukunya biyu, bai taɓa tambayarta saura kwana nawa ba.

Saura kwana goma sha tara wa'adin ya cika binciken ya fito, sunanta a kan gaba. Suka kai wa Baba tare. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallon hoton gajimaren, mai kama da zoben haske, idonsa ya ciko.

"Allah ya yi muku albarka, ya bar ku tare," ya ce. Ya juya ga surukinsa. "Shugaban nan nasu, a kai masa kwafi biyu. Ka ce ɗaya daga gare ni."