Agogon Jirgin Gonar Markus

A Kaboji Lukuman ɗan gwangwan ya gama ciniki da Markus: ya ba da buhun taki ɗaya, shi kuma ya karɓi agogon nuna hanya na jirgin sojan da ya faɗi a gonar Markus bara, hatsarin da aka ce gangancin matuƙi ne.

Dare ya riski Lukuman a kan babur a hanyar Kontagora. Wani dogon mutum ya tsayar da shi ya hau baya, amma babur bai ji nauyi ba. Sai warin kananzir da ƙonanniyar roba.

"Baba, ina ne arewa?"

Lukuman ya nuna da haɓa.

"Ba haka abin da ke buhunka ya nuna min ba, kuma shi na bi. Don Allah ka kai wa masu bincike. 'Ya'yana suna jin ana zagina."

Lukuman ya leƙa madubi. Titi ne kawai a bayansa.

Ya kwana yana auna tambayoyin soja: ina ka samu, wa ya ba ka? Da gari ya waye ya sa wa agogon guduma.

Markus ya samu taki, Lukuman ya samu tagulla. Matuƙi kuwa, har yau laifinsa ne.