Makin da Njidda Ya Ƙi Rubutawa

Ranar da Raliya ta fara ganin Njidda, gardama ce ta haɗa su.

Ita ce mai kula da sakamakon jarrabawa a makarantar sakandaren da mahaifinta, Alhaji Sada, ya gina a Mayo Gwoi, kuma ita ke koyar da Turanci a SS2. Zango ya zo ƙarshe, kowane malami ya kawo mata makin C.A., wato makin gwaje-gwajen da ake yi wa yara a cikin zango, don ta shigar a kwamfuta. Saura mutum ɗaya, sabon malamin lissafi da aka ɗauko daga Sunkani.

Ta same shi a aji bayan an tashi, yana zaune a bencin ɗalibai, hannunsa duk alli. Dogo ne siriri, idanunsa a natse. Da ya ɗago ya dube ta, sai da ta ɗan nemi abin da ya kawo ta.

"Malam, kai kaɗai nake jira."

Ya miƙa mata takarda. Ta duba, ta sake dubawa.

"Wannan ai rabin ajin ne suka faɗi."

"Abin da suka ci ke nan, Malama."

"A nan ba haka ake yi ba. Cikin arba'in, daga talatin zuwa sama ake ba kowa."

"An faɗa mini. Ba zan rubuta ba."

Babu fushi a muryarsa, wannan ne ya fi ba ta haushi. Ta juya za ta fita, sai ya ce ta ɗan zauna ya nuna mata wani abu. Duk mako yana yi wa yaran ƙaramin gwaji: wani a rubuce, wani da baki, wani kuma a allo su warware a gaban 'yan uwansu. Ba don ya kayar da kowa ba, don ya san inda zai koma ya sake koyarwa.

"Dubi nan," ya ce. "In na ba su lambobi zalla, suna warwarewa. In na sa tambayar cikin jimlar Turanci, sai su tsaya. Musamman yaran da ke zuwa daga Iware."

Ta haɗe rai. "Kana nufin laifina ne ke nan?"

"Ina nufin yara ɗaya muke koyarwa, ni da ke, amma ba mu taɓa zama mun yi maganarsu ba."

Raliya ta koma ofis, ta daɗe tana kallon kwamfutar. Sannan ta shigar da makin kamar yadda ya rubuta shi.

Bayan magariba saƙo ya shigo wayarta:

"Assalamu alaikum. Na ga ba ki canza komai ba. Useko, na gode. Njidda."

Ta rubuta: "Ba don kai na yi ba, Malam Taurin Kai. Don yaran ne."

"Haka ma ya fi daɗi."

Da aka dawo hutu, suka fara zama duk Alhamis a ƙarƙashin mangwaron da ke bayan ɗakin malamai. Ya kawo sakamakon ajinsa, ta kawo nata, su jera. Abin da suka gani ya tsorata ta. Yaron da ke faɗuwa a lissafi mai labari, shi ne wanda ba ya iya faɗa mata abin da ya karanta a sakin layi ɗaya. Sai ta fara ɗauko tambayoyin lissafinsa tana koyar da karatu da su, shi kuma yana barin yara su fara bayyana tambaya da Hausa ko Fulatanci ko Mumuye kafin su taɓa biro.

Wata Alhamis ruwan sama ya tsare su a baranda, ya ce, "Raliya, akwai abin da na daɗe ina gwadawa, kuma kullum amsa ɗaya nake samu."

"Me ke nan?"

"Ina son ki. In kin yarda, zan turo Baffana."

Ta sunkuyar da kai, tana murza gefen mayafinta. "Baba ba zai sauƙaƙa maka ba."

"Ke nake tambaya, ɓernde am."

Ta san kalmar. Da Fulatanci ya kira ta zuciyarsa. Murmushin da ta yi ya ishe shi amsa.

Akwai wanda zaman nan bai yi wa daɗi ba. Mahadi, mataimakin shugaban makaranta, ɗan yayar Alhaji Sada ne, kuma ya daɗe yana ganin Raliya tasa ce, lokaci kawai ake jira. Ga shi iyaye sun fara ƙorafi, 'ya'yansu da ke zuwa gida da maki mai kyau yanzu suna zuwa da ja a kati. Wasu har sun cire yaransu.

Wata rana Raliya tana aji, Mahadi ya shiga ofishinta ya buga taƙaitaccen bayanin da ta haɗa kan raunin 'yan SS2, ya kai wa kawunsa, ya haɗa masa da labarin soyayyarsu.

Alhaji Sada ya kira Njidda ofis, ya jefa masa takardar.

"Na gina makarantar nan da gumina, ka zo kana rubuta cewa yarana ba su iya komai ba? Ka gyara makin nan, ko ka ajiye aikina. Maganar 'yata kuwa, kada na sake ji."

Njidda ya ɗauki takardar. A ƙasanta ga sunan Raliya, sai ya ɗauka ita ce ta kai wa mahaifinta.

"Ranka ya daɗe, aikin naka ne, ga shi. Amma makin na yaran ne, ba zan yi musu ƙarya ba."

Da yamma ta ga saƙonsa:

"Da kin faɗa mini a fuska cewa kin zaɓi gida, da na fahimta. Allah Ya ba ki alheri."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta sake kira, wayar a kashe.

Ranar Asabar da safe ta faɗa wa mahaifiyarta inda za ta, ta ɗauki ƙanwarta Fadila, suka hau mota zuwa Sunkani. Suka same shi a ƙofar gidansu yana zuba wa raguna dusa. Raliya ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Kai ne kullum kake cewa kada a yanke wa yaro hukunci da jarrabawa ɗaya. Ni kuma takarda ɗaya ka gani, ka gama da ni. Ka tambaye ni? Mahadi ne ya buga ta ina aji."

Njidda ya ajiye kwanon dusar.

"Na yi kuskure. Ki yafe mini."

"Zan yi tunani," ta ce, amma idonta ya cika. "Ba rarrashi na zo nema ba. Na zo in faɗa maka aikin nan ba zai tsaya ba, ko kana nan ko ba ka nan."

Haka kuwa ta yi. Ƙarshen zango Mahadi ya kawo mata makin C.A. da aka cike wa kowa, ta mayar masa.

"Raliya, in yara suka ci gaba da tafiya, malamai nawa ne za su rasa aiki?" ya ce. "Kin yi tunanin wannan?"

"Na yi, Yaya Mahadi, kuma yana damuna. Amma ba zan shigar ba."

Magana ta kai gida. Bayan la'asar Alhaji Sada ya kira ta falonsa, ransa a ɓace.

"Saboda wani malami za ki bijire mini?"

"Baba, ban bijire maka ba. In ka ce in bar ofishin, yau zan bar shi. In ka ce kada in aure shi, ba zan aure shi ba, amma ba zan auri wani ba. Abin da ba zan yi ba shi ne in rubuta wa uwa cewa ɗanta ya iya, alhali bai iya ba."

"Ga Fadila nan," ya ce, yana nuna ƙanwarta da ta shigo da shayi. "A makarantar nan take, SS3, ita ce ta ɗaya tun shigarta. Ita ma ƙarya ce?"

Fadila ta ajiye tiren a hankali.

"Baba, ƙarya ce."

Ta dubi mahaifinta, ta ci gaba.

"Tambayoyin baya nake haddacewa, su ake maimaita mana. Ranar da Malam Njidda ya canza lambobin, ban iya ko ɗaya ba. Shi ya fara gano cewa tun daga JSS aka bar ni a baya, ya koma da ni can. Ina son in zama nas, Baba. In ban iya auna magani ba, katin makaranta ba zai cece ni ba, ba zai ceci mara lafiya ba."

Alhaji Sada ya tashi ya shige ɗaki, shayin ya huce a wurin.

Kwanaki yana shiga azuzuwa ba sanarwa, ya zauna a baya. Yakan ɗaga yaro ya ce ya karanta, sannan ya faɗa masa da Hausa abin da ya karanta. Abin da ya gani bai faɗa wa kowa ba. Amma wata safiya ya tuƙa motarsa da kansa zuwa Sunkani.

"Ka dawo," ya ce wa Njidda.

"Da sharaɗi, ranka ya daɗe. Kowane malami ya rubuta makin gaskiya. Duk wata mu zauna mu duba inda yara suka tsaya, mu koma can. Kuma a kira iyaye a faɗa musu."

"Kai ne ke ba ni sharaɗi?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Alhaji Sada ya dube shi, sai dariya ta ƙwace masa. "Yanzu na gane inda 'yata ta ga abokin tafiya."

Taron iyayen bai yi daɗi ba. An ɗaga murya, wasu sun fice, kuma sun tafi da yaransu. Sai Madam Joan, mai sayar da doya a kasuwa, ta miƙe ta ce, "Yarona yana kawo maki mai kyau kullum, amma ba ya iya karanta mini saƙo a waya. Yanzu yana karanta. Ni zan bar shi a nan." Da yawa suka zauna. Mahadi ya koma wata makaranta a cikin gari, kuma Alhaji ya sallame shi da mutunci.

Ba a ga abin mamaki a zango ɗaya ba. Amma jan da ke kati ya fara raguwa, kuma wannan karon kowa ya san na gaske ne.

Ranar da Baffa Goni, baffan Njidda, ya zo da dattawan Sunkani neman aure, Njidda ya turo saƙo:

"Sun shiga falon Baba. Gabana faɗuwa yake, ɓernde am."

Ta mayar masa: "Kai da ka ba Alhaji Sada sharaɗi? Natsu, angona. Na leƙa, dariya suke yi."

Bayan damina aka ɗaura auren a Mayo Gwoi. 'Yan SS2 suka cika layin, mutanen Sunkani suka zo da ƙwaryar nono da kaɗe-kaɗensu, Fadila ce a gaban ƙawayen amarya. Da za a tafi da ita, Raliya ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka.

"Baba, ka yafe mini duk ranar da na ɗaga maka murya."

Ya dafa kanta.

"Ba ki ɗaga mini murya ba, gaskiya kika ɗaga. Tashi, mijinki na jira." Ya juya ga Njidda. "Ga ta nan. Ba ta lanƙwasuwa, kai ma haka, sai ku riƙa tausaya wa juna. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Gidan ya amsa da amin. Njidda ya buɗe mata ƙofar mota, ta shiga, hawaye a fuskarta tana murmushi.