Bindigar da Ke Canja Saiti Ranar Lahadi

Da hantsin Lahadi aka kira Saja Suwaini garken raƙuma da ke bayan garin Ibri. Ya tarar da jini kwance a kan yashi, an riga an wuce da makiyayin asibiti. Anwarul sunansa, ɗan ci-rani ne, harsashi ya farfashe masa gwiwa.

Wanda ya yi harbin na zaune a gindin ƙaya. Musabbah ne, tsohon maharbin da ƙungiyar masu raƙuma ta ɗauka don ya riƙa kashe karnukan daji da ke cinye musu 'yan taguwa. Shugaban ƙungiyar, Talib bin Marhun, yana tsaye a kansa yana faɗa.

"Saja, tun yaushe nake cewa idon tsohon nan ya mutu? Allah ma Ya kiyaye, ba taguwata ya samu ba."

Suwaini ya dube shi sama da ƙasa. Mutum na can ana shirin yanke masa ƙafa, wannan kuwa taguwa yake wa barka. Ya tsuguna gaban tsohon.

"Baffa, me ya faru?"

"Kare na auna, ɗana. Yaron yana can gefe, nesa da shi. Bindigar ce ba ta tsayawa a saitinta."

"Tun yaushe?"

"Tun shigowar sanyi. In saita ta, ta yi lafiya lau har Alhamis in mayar da ita ma'aji. In ɗauko ta Lahadi, sai ta kauce. Wani makon dama, wani makon ƙasa, wani makon kuma ƙalau. Yau ban samu gwada ta ba, shugaba ya ce karnuka sun shigo, in yi maza."

Idan aka ce ganganci ne ko makanta, kurkuku ke jiran Musabbah, kuma a shekarunsa ba lalle ya fito da ƙafarsa ba. Suwaini ya sa aka tsare shi, ya ɗauki bindigar ya nufi filin gwaji.

Ya fara da harsashi. Kwali ɗaya ne, iri ɗaya. Ya duba kusoshin da suka haɗa ƙarfe da katako, suna nan daram. Zafin rana ma ba zai zaɓi Lahadi ba. Ya kwanta ya yi harbi kaɗan. Duk suka taru wuri guda, amma can hagu da allon. To, ba ido ba ne, don nasa idon lafiyarsa ƙalau.

Sai ya juya ga madubin saitin da ke ɗaure a saman bindigar. Kawunan kusoshinsa duk sun ciccije, kamar ɓera ya yi kwana a kansu. Ba sukudireba aka sa ba, tsinin wuƙa ne. Ya kai maratayin fatar hancinsa. Hayaƙin lubban da ruwan wardi. Ya yi tsaki. Tun da yake bai taɓa jin karen dajin da ake fesa wa turare kafin a harbe shi ba.

Makullan ma'ajin uku ne. Na Musabbah yana rataye a wuyansa, kuma maharbin da ke shafa wa bindiga mai kamar jaririya ba zai kai mata wuƙa ba. Na biyu yana hannun Darwish mai gadin ofis.

"Kana taɓa bindigar?" in ji Suwaini.

"Ni? Yallaɓai, ko wuƙar yanka kaza matata ke riƙewa."

"Ina kake kwana Juma'a da Asabar?"

"Ƙauyenmu. Motar Alhamis nake bi, duk tasha an san ni."

"Ina hanjar ɗinka, wuƙar adon nan da maza ke ɗaurawa a ciki?"

Darwish ya yi dariya, ya shafa cikinsa inda babu ko ɗamara. "Wanda na gada na sayar tun auren fari."

Direban motar ya tabbatar da zancensa. Saura makulli ɗaya, na shugaba Talib.

Suwaini bai tafi wurin Talib kai tsaye ba. Ya bi ta shagon mai ɗaukar hoton biki a kasuwa, ya ce a nuna masa bukukuwan da aka yi tun shigowar sanyi. Ba a daɗe ana dubawa ba sai ga shi. Sahun maza kafaɗa da kafaɗa, ganga na tashi, Talib a tsakiyar fili yana juya bindiga a hannu, ya cilla ta sama ya cafe. Bindigar Musabbah ce, ya gane ta da zoben azurfar da ke wuyan katakonta, babu madubi a kanta. A wani bikin ma ta suɓuce ta daki ƙasa, ya ɗauka yana dariya.

Ya same shi a zaurensa bayan la'asar. Aka kawo gahawa da dabino da halwa. Suwaini bai miƙa hannu ba, kowa a wurin kuma ya san abin da hakan ke nufi: ba ziyara ce ta kawo shi ba.

"Ranka ya daɗe, ara mini hanjar ɗinka in gani."

Talib ya zare da alfahari. Tsinin ya lanƙwashe, ya dakushe.

"Wa ke rawa da madubi a kan bindiga?" in ji Suwaini. "Babu. Zai fashe, kuma zai ɓata ado. Shi ya sa kake kwance shi da wannan duk ranar biki, ka mayar kafin Lahadi. Madubin da aka cire aka mayar ba ya komawa inda yake, balle an yi ta jifa da bindigar. Makon da ba biki, saitin ba ya motsi. Tsohon ya yi ta kawo maka kuka, kai kuma kana cewa idonsa ne."

"Haba, Saja. Rawa ce fa kawai. Bindigar ta fi tawa kyau, shi ke nan. Ni na ja kunamar?"

"Kai ka hana shi gwadawa yau, alhali ka san jiya ka ɗaura madubin."

Talib ya waiga ya dubi baƙinsa, ya sassauta murya. "Yaron nan a biya shi wani abu ya koma ƙasarsu. Kuma a bar maganar har bayan Juma'a, ɗan ƙanena ke aure, ni ke buɗe fili."

Suwaini ya ji kamar ya tofar da yawu a kan darduma mai tsadar nan. Ya miƙe. "Sa takalminka."

Kafin magariba ya buɗe wa Musabbah ƙofa da kansa, ya zayyana masa komai.

"Idonka lafiya lau, Baffa. Ka tafi gida."

Tsohon bai yi murna ba. Ya daɗe yana kallon hannunsa na dama.

"An yanke ƙafar?"

"An yanke."

"Shugaba bai san bindiga ba, ɗana, abin rawa ya ɗauke ta. Ni na san tana yi mini ƙarya, kuma na harba don kada babban mutum ya ji haushi." Ya gyara rawaninsa. "Ba gida za ka kai ni ba. Kai ni asibiti, yaron ya ga fuskar wanda ya yi masa."